Kwaɗon Fiya da Hannun Daman Inna

A Makka fiya abin sha ce. Shiga kowane shagon asir, wato lemon 'ya'yan itace, a unguwar Hindawiyya ka ce a ba ka afukado, za a markaɗa maka ita da madara da zuma, a miƙo maka a kofi mai sanyi, ka tafi kana zuƙa. A gidanmu kaɗai na san ana zuba mata gishiri. Ranar da na faɗa wa ƙawayena na makaranta cewa mu har da albasa da yaji muke cin ta, ɗaya daga cikinsu sai da ta dafe ƙirji ta ce, "Ya laɗif!" Kwana uku ban yi mata magana ba, don ni tun ina ƙarama ba a taɓa mini abincin gidanmu in yi shiru.

Inna ce ta zo da wannan ci daga Jos. Ta zo aikin Hajji tare da mahaifinta tana budurwa, ta haɗu da Baba, wanda kakanninsa suka iso nan da ƙafa tun zamanin da ake ratsowa ta Sudan, ta zauna, ba ta sake komawa ba. Baba tsire yake gasawa a bakin titi, wanda Larabawan nan ke kira siriya, saboda haka garin ƙuli da yaji ba sa yankewa a gidanmu. Ita kuwa abin da ta riƙe na garinsu bai wuce biyu ba: kwaɗon fiya, da labarin wata bishiya.

Bishiyar a tsakar gidansu take, in ji ta, ta yi rassa har bisa rufin kwanon ɗakin kakarta. Da damina, gari ya yi luf, sanyi na ratsa ƙashi, gajimare ya sauko har yana taɓa duwatsu, sai ka ji dim! a kan kwano. Fiya ta faɗo. Yara su kwasa da gudu don su riga awaki. Ni da aka haifa a hawa na uku, a garin da kwalta kan yi laushi da azahar, ban taɓa ganin bishiyar fiya ba, amma waccan na san ta kamar a gindinta na yi rarrafe. Idan Inna na ba da labarin da rana tsaka, mukayyif na gurnani a bango yana huro mana sanyi, barci na fizgata, har ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa nake ji.

A wata tsohuwar langa take yin kwaɗon, mai zanen jan fure, bakinta duk ya ɓanɓare. Ta tsaga fiya biyu, ta cire ƙwallon, ta kwashe naman da babban yatsa. Gishiri, 'yar albasa yankakkiya siriri, tumatir ɗaya, rabin lemon tsami, sai garin ƙuli da yaji. Babu awo. In ka tambaye ta sai ta ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sannan ta sa hannu ta murza a hankali tsakanin yatsu, ba ta bari ya yi luƙui, kana ci kana cin karo da gudaji. Ta mayar da ƙwallon tsakiyar langa, wai don kada kwaɗon ya yi baƙi. Mu kewaye ta da tamis mai zafi, gurasar nan mai faɗi ta tanderu, tana gutsurowa tana dangwalawa tana miƙa wa kowa. Ƙannena a baki take sa musu. Ni kuwa sai ta ajiye nawa a gefen faranti, ta kau da kai.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in an yi baƙi kuma "yarinyar nan". Na san kunya ce irin ta mutanen da, amma sanin bai hana abin ya yi mini ciwo ba. Ƙanwata takan haye cinyarta tana zuba mata Larabci, "ya ummi, ya ummi," ni ina gefe ina cika ina batsewa.

Shekaru suka ja. Baba ya rasu, ƙannena maza aiki ya watsa su Jidda da Riyad, ƙanwata ta yi aure a Aziziyya, aka bar ni da Inna a gidan nan na Hindawiyya. Bayan wani aikin Hajji, alhazai sun gama watsewa gari ya koma shiru, wata safiya tana naɗe sallaya sai ta sulale ƙasa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti, ƙafar tana ja, bakin ya ɗan karkace, magana sai ɗai-ɗai, hannun dama kuma yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

Sai ta daina cin abinci. Ba wanda ya ko kawo maganar ta ci da hagu. Matar da ta sha make mana hannu a kan haka? Don haka na ɗauki cokali. Kunu, fate, farfesu, shurba, in kai mata baki, ta karɓi ɗaya, ta karɓi na biyu da ƙyar, sai ta juya fuska bango. In lallashe ta, in yi faɗa, in shiga kicin in sha kukana, in wanke fuska in dawo. Wuyanta ya zabge, zoben azurfarta ya fara zamewa daga yatsa. A asibiti an ba mu wani ƙwallon roba wai ta riƙa matsawa don hannun ya farfaɗo. Kallo ɗaya ta yi masa ta ture shi da hagu, ya gangara ƙarƙashin gado.

Ranar da muka koma asibiti, likita ya ɗora ta a sikeli ya girgiza kai. Ya ce mu dawo nan da mako biyu, ranar Lahadi, idan har ba ta fara ci ba, to babu makawa sai an zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Da Larabci ya faɗa, da sauri, yana kallona, wai don kada ta gane. Inna da ta tsufa tana ciniki da Larabawa! Hawaye ya gangaro mata ta idon nan na dama da ba ya rufuwa sosai. Muka shiga tasi muka koma gida. Ni dai na ƙudura a raina, in Allah ya yarda, robar nan ba za ta shiga hancin uwata ba.

Washegari da rana ina zaune bakin gadonta ina gyangyaɗi, sai na ji ta ce, "Fiya."

Na zabura. "Me kika ce, Inna?"

"Fiya."

Yatsunta na dama suna ɗan motsi a kan zanin gado, na gani, amma ban bi ta kansu ba. Abaya na zara na yi waje.

Ƙanwata ce ta riga ni. Ina buga mata waya ta taso daga Aziziyya da injin markaɗenta a jaka, ta haɗa asir mai kauri da madara da zuma, ta durƙusa gaban gado tana "Ishrabi ya ummi, sha kaɗan." Inna ta shinshina, ta yi mata wani kallo da ya wadatar ba sai an yi magana ba. Na ce, "Ke matsa can, 'yar Larabawa, wa ya ce miki a Jos shan ta ake yi?" Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Sai dai nawa ma bai fi nata ba. Na zuba duk abin da Inna ke zubawa, amma na markaɗa a inji, don tsoron kada gudaji ya shaƙe ta. Cokali biyu, ta juya bango. "Ba haka ba," in ji ta.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje kamar wadda aka yi wa asiri. Na ce ko bakinta ya saba da ɗanɗanon Makka, na haɗa fiya da ɗahina, markaɗaɗɗen riɗin nan, da man zaitun, na shafa a tamis. Na ɗora ta a kan ful, dafaffen waken nan, da safe. Na dama ta da nono da na'ana'a, ta yi sanyi ta yi daɗi, ni na shanye abina a tsaye. Na ce a'a, gida take nema, na kwaɗa ta da zogale. Na kwaɗa ta da garin rogo. Na murmushe mata dafaffen ƙwai a ciki. Na sa daddawa, wannan kam Allah ya yafe mini, ko magen bene ba ta kula shi ba. Wata rana har a sambusa na cusa ta na soya, ban san wuta na sa fiya ɗaci ba sai da na gatsa na tofar. Kowanne in kai, a faranti mai kyau, da cokali a gefe. Kowanne ya dawo kusan yadda ya tafi. Ni ce na yi ƙiba a makon nan, don ba na iya zubar da abinci.

Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Hindawiyya ke kwanciya, shaguna sun ja ƙofa, ba ka jin komai sai kukan tantabaru a taga, nakan kishingiɗa a ƙasa kusa da gadonta. Ban san ko barci nake yi ba ko ido biyu. Sai in ga bishiyar ta tsiro a tsakiyar titinmu, tasi-tasi na kewaye ta, rassanta sun shigo ta tagar kicin suna ɗiga ruwa a kan tukwane. In ga wata yarinya mai kitso biyu tana gudu ba takalmi da fiya a zani, ina kiranta amma ban san da wane suna zan kira ta ba. In farka in ga Inna idonta biyu tana kallon silin, yatsun nan suna ta motsi a kan zanin gado.

Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi sai na ɗora wa fiyar. Ta bagala, wato kantin unguwarmu, ƙanana ce, baƙaƙe, masu kaushin baya. Inna kuwa kullum cewa take ta Jos manya ce, koraye sumul. Na sauka hawa na biyu wajen Goggo, tsohuwar ƙawar Inna, ita ma 'yar Jos, wadda ke sayar da yaji da kuka daga ɗakinta. Ai kuwa aka dace, wata 'yar ɗan'uwanta na tahowa Umara a makon. Ranar Talata Goggo ta aiko mini da ƙulli a tsohon ɗankwali. Fiyar Jos ce guda biyu, kowace ta cika tafin hannu biyu, da tauri kamar dutsen guga.

Na tuna Inna ta ce kakarta a buhun acca take binne su. Mu ba mu da acca, na tura su cikin buhun shinkafa. Kowace safiya in zura hannu har gwiwar hannu in lalubo su, in danna wajen hanci a hankali. Laraba tauri. Alhamis tauri. Na ce da su, "Ku dai ku ji tsoron Allah." Ranar Juma'a ɗaya ta sallama.

Wannan karon ban taɓa inji ba. Na nemo langar Inna a saman kabad, na wanke, na murza da bayan cokali, na bar gudaji, na mayar da ƙwallon tsakiya. Naman rawaya ne kamar man shanu. Da na shiga ɗakin, tun daga ƙofa hancinta ya buɗe. Ta bi langar da ido har na zauna, idon ya kawo ruwa. Na ce alhamdu lillahi, yau an gama. Na ɗebo a cokali na kai. Ta karɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye, ta lumshe ido. Na ɗebo na biyu. Ta datse baki.

Nan fa raina ya ɓaci. "Haba Inna! Me kike so in yi? Daga Jos aka kawo ta, Jos ɗinku! So kike a sa miki robar?" Na dire langar, na fita na bugo ƙofa. A matattakalar bene na zauna ina kuka, har da shessheƙa, ni da furfura ta fara fito mini.

A nan Goggo ta same ni, tana hawowa da ƙyar tana dafa bango. Ta zauna a matakin da ke ƙasa da nawa ta saurare ni har na gama zayyano mata ɗahina da zogale da sambusa. Ba ta yi dariya ba sai a wajen daddawa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, shekara nawa kina cin kwaɗon uwarki?"

"Tun da na yi wayo, Goggo."

"To kin taɓa ganin ta ɗebi nata a faranti?"

Na bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, ina ganin langa, ina ganin tamis, ina ganin bakunan ƙannena. Ban ga farantin Inna ba. Abin da na gani shi ne, in kowa ya ƙoshi ya tashi, sai ta ja langar gabanta ta suɗe gefe-gefe, ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana kallon taga.

"Haka muka taso," in ji Goggo. "Mai kwaɗo rabonta a hannunta yake. Ke kuwa kin gama komai kin kawo, kin ɗora mata cokali a baki kamar jaririya. Kuma ke, 'yar fari! Ina za ta sa idonta?"

"Goggo, hannun ai ya mutu."

"Wa ya yi masa salla? Kin tambaye shi?"

Ranar Asabar ɗaya fiyar ma ta nuna. Bayan azahar na tayar da Inna zaune, na tokare ta da matasai, na shimfiɗa leda a cinyarta. Na wanke mata hannun dama da ruwan ɗumi. Tana kallona. Na ɗora langar wayam a cinyarta, na jera gishiri da albasa da tumatir da lemo da garin ƙuli a tire. Na tsaga fiyar a gabanta, na juye naman gunduwa-gunduwa. Sannan na ɗaga hannun nan, mai nauyi, mai sanyi, na sa shi cikin langa, na riƙe mata wuyan hannun don kada ya zame.

An daɗe ba abin da ya faru. Mukayyif na gurnani, tantabara na kuka. Sai babban yatsa ya motsa, ya sami wata gunduwa, ya danna. Da ƙwallon roba ne, da bai yarda ba. Fiya kuwa ta yarda, ta fito ta tsakanin yatsun. Inna ta ja dogon numfashi. Manuni ya biyo baya, sai na tsakiya. Biyun ƙarshe ba su taɓa motsawa ba, har ta bar duniya ba su motsa ba, amma ukun nan sun yi aiki. Ta nuna gishiri da haɓa, na barbaɗa. Ta nuna ƙuli, na zuba, ta ce, "Ƙara." Na matsa lemo, ta ce, "Ya isa." Abin da a da take gamawa kafin shayi ya tafasa, ranar ya ɗauke mu kusan awa guda, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ban taɓa riƙe hannun uwata tsawon haka ba.

Da ta gama ta dubi tamis. Na gutsuro na saƙala mata tsakanin yatsu, ta dangwala, hannun ya fara tasowa yana rawa. Na tallafi gwiwar hannun ina karkata shi wajen bakinta. Sai na ji tana turjewa. Na ƙara karkatawa, ta ƙara turjewa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, har na gane ba can za shi ba. Wajena yake tahowa.

Ba ta kalle ni ba. Taga take kallo, kamar kullum. Na sunkuya na buɗe baki, ta sa mini, rabin kwaɗon ya shafe mini haɓa. Gishiri ya ɗan yi yawa, laifina ne. Na tauna ina kuka.

"Ke," in ji ta, "haɗiye."

Sannan ta kai yatsun bakinta da kanta ta lashe, ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar cikin langa ta lakato, ta sake kaiwa. Ban ƙirga ba, na ji tsoron in na ƙirga za ta daina. Na dai riƙe gwiwar hannun, ina kallon jan furen ƙasan langa yana fitowa kaɗan-kaɗan har ya fito duka.

Washegari likita ya ji bayani, ya ce a ƙara mata mako biyu a gani. Daga baya ya daina tayar da maganar robar. Tuwo mai laushi, dankali, ayaba, duk abin da yatsu uku za su iya murzawa, a langar nan ta riƙa cin sa.

Amma ba ranar asibitin ce ke dawo mini ba. Asabar ɗin ce, bayan ta gama. Na kawo ruwa zan wanke mata hannu, ta janye shi ta ɗora a ƙirji, kore shar har wuyan hannu, barci ya fara ɗaukarta. Na kishingiɗa a ƙasa. Can sai wani abu ya faɗi a hawan da ke samanmu, dim! Ko yara ne suka yar da wani abu, oho. Inna ba ta buɗe ido ba.

"Ke," ta ce, "kin ji? Je ki ɗauko, kada awaki su riga ki."

Na ce, "To, Inna." Na tashi na je har bakin ƙofa, na tsaya a nan ina jira numfashinta ya daidaita.